MOTAR GIDA: A GYARA DA HANNU KO A KAI GAREJIN KAMFANI?

A yau maganar mota na zo mana da ita. Na san wata za ta ce, "Haba Malama, ina ruwan mace da cikin mota? Ai wannan tsakanin maigida ne da bakanike." To 'yar'uwa, ki daure ki karanta har ƙarshe, domin ni ma haka nake faɗi kafin abin ya faɗo a kaina.

Ni malamar firamare ce. Muna da wata 'yar tsohuwar mota ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano. Maigida yana aiki a wani gari, sai ƙarshen mako yake zuwa, saboda haka ni ce ke kai yara makaranta da ita kana in wuce wurin aiki. Wata rana da hunturu muna cikin tafiya sai wata jar fitila mai siffar buta ta kama a gaban sitiyari. Na ce a raina bari in sauke yara tukuna, in an tashi na kai a duba. Ba mu yi wani nisa ba sai inji ya soma ƙara kamar ana daka a turmi, can sai mota ta mutu a tsakiyar titi, ga yara uku a baya, ga manyan motoci suna ta ratse mu.

Da bakanike ya zo ya zaro sandar auna mai, sai ga ta a bushe ƙayau. Ya dube ni ya ce, "Malama, ai inji ya buga." Ashe kwana biyu kafin nan da aka yi mata juye a wani gareji na bakin hanya, yaron shago bai ɗaure notin ƙasa da kyau ba, mai ya yi ta ɗiga har ya ƙare. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na ga baƙin tabo a inda muke ajiye motar, na tsallake shi har sau biyu ban kula ba. Gyaran ya cinye albashina na wata huɗu, ya haɗa da kuɗin adashen da nake tarawa don sayen keken ɗinki.

Da maigida ya dawo sai gardama ta tashi. Shi ya ce daga yau sai garejin kamfani, ko nawa ne. Ƙanensa kuwa ya ce, "Yaya, wannan ɓarnar kuɗi ce, ai juye aikin rabin awa ne, a gida ma sai a yi." Ni dai na yi shiru, amma na ƙudura sai na san gaskiyar lamarin. Na ɗauko littafin motar wanda ke kwance a aljihunta tun ranar da aka sayo ta, na karanta shi kamar mai shirin jarrabawa, na kuma yi ta tambayar masu sana'ar. Abin da na fahimta shi ne kowannensu yana da rabin gaskiya. Aikin mota kashi uku ne: akwai naki, akwai na bakanike, akwai na kamfani. Asara tana zuwa ne idan aka ba wani aikin da ba nasa ba, ko kuwa aka bar naki ba a yi ba.

Maganar kuwa ta ƙara nauyi tun daga watan Mayu na 2023 da aka janye tallafin man fetur, darajar naira kuma ta faɗi. Baƙin mai da taya da batir duk sun yi tsada. Kuskuren da a da za a gyara da kuɗin cefane, yanzu yana iya taɓa kuɗin makarantar yara.

MACE CE TA FARA

Kafin in shiga bayani, bari in cire miki tsoro. A watan Agusta na 1888, wata mata a ƙasar Jamus mai suna Bertha Benz, matar Karl Benz wanda ya ƙera mota, ta ɗauki 'ya'yanta maza biyu a motar ta tafi ganin mahaifiyarta, daga garin Mannheim zuwa Pforzheim, tafiyar kimanin kilomita 106. Babu wanda ya taɓa yin doguwar tafiya irin wannan da mota kafin ita. A lokacin babu gidan mai, babu gareji. A kantin magani ta sayi man da ta zuba. Da bututun mai ya toshe, da allurar maƙale hularta ta zuge shi. Da katakon birki ya cinye, sai ta tsaya wurin baduku ta sa ya lulluɓe shi da fata. Haka kuma Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta Ingila, tun tana gimbiya, ta koyi tuƙi da kanikanci a aikin soja a 1945. Saboda haka buɗe bonet bai taɓa rage wa mace daraja ba.

Sai dai motar yau ta bambanta da ta iyayenmu. Lokacin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, ana yayin 504, mutum da sifana da filaya da kunne mai kyau yana iya gyara yawancin matsalolinta a gindin bishiya. Motocin yanzu kuwa kwamfuta ce ke auna musu mai da iska. Tun daga 1996 kowace sabuwar mota da aka sayar a Amurka tana da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike ta faɗi abin da ke damunta. Wannan ne ya sa wasu ayyukan suka fi ƙarfin gida, har ma suka fi ƙarfin bakaniken da ba shi da na'ura.

KASHI NA FARKO: ABIN DA YAKE NAKI

Wannan kashi ba ya bukatar ƙarfi ko kuɗi. Minti goma ne a kowane mako, da safe kafin a ta da inji, mota tana tsaye a wuri mai daidai. Babu garejin da zai yi miki shi, komai tsadarsa, domin ke ce tare da motar kullum.

Na ɗaya, ki leƙa ƙarƙashinta. Baƙin tabo mai maiƙo baƙin mai ne. Kore ko ja-ja mai ruwa-ruwa yawanci ruwan lagireto ne. Farin ruwa tsabtatacce bayan an kunna na'urar sanyaya mota ba komai ba ne.

Na biyu, baƙin mai. Ki zaro sandar, ki goge da tsumma, ki mayar har ƙarshe, ki sake zarowa. Akwai alamomi biyu a bakinta, man ya kasance tsakaninsu. Idan ya yi ƙasa a ƙara, amma kada a wuce alamar sama. Idan kika ga ya koma kalar shayi da madara, to ruwa ya shiga cikinsa, kada a ja motar sai an duba.

Na uku, ruwan lagireto. Ki duba 'yar farar robar da ke gefensa, ita ma tana da alamomi biyu. Kada ki kuskura ki buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, domin ruwan a matse yake, zafinsa yana iya wuce digiri 100, zai yi tsiri ya sale fuska da hannu. Kuma a riƙa zuba ruwan da aka yi don lagireto, saboda ruwan rijiya tsantsa yana kawo tsatsa da dasashi ya toshe hanyoyi.

Na huɗu, man birki. Idan kika ga yana raguwa da sauri, akwai inda yake yoyo, wannan kuwa maganar rai ce. A kan murfin an rubuta irin wanda ake zubawa, DOT 3 ko DOT 4. Wannan mai yana shan laima daga iska, shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a sauya shi duk bayan shekara 2.

Na biyar, tayoyi, har da safaya. Yawan iskar da ta dace yana rubuce a wata takarda da aka liƙa a jikin ƙofar direba. Ki sayi ɗan ma'aunin iska naki, domin mai faci yakan cika taya ta yi tauri fiye da kima, ga zafin kwalta. A gefen taya kuma akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Watau 2321 na nufin an yi tayar a mako na 23 na 2021. Roba tana tsufa ko da ba a taka ta ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha jan kunne a kan tsofaffin tayoyi.

Na shida, matatar iska. Ƙurar hunturu tana toshe ta da wuri, mota ta yi nauyi. Ki buɗe akwatinta ki ɗaga ta wajen rana. Idan haske ba ya ratsawa, lokacin sauyawa ya yi. Ta takarda ce, ba a wanke ta da ruwa ko fetur.

Na bakwai, ki san fitilun gaban sitiyari. Mai ruwan ɗorawa tana cewa a kai a duba ba da daɗewa ba. Ja kuwa, musamman ta mai da ta zafin inji, tana cewa ki gangara gefen hanya ki kashe mota nan take. Da na san wannan, da yanzu ina ɗinki da kekena.

Akwai gargaɗi na musamman gare mu mata. Kafin ki sunkuya a kan inji ki tattare mayafi ko hijabi ki cusa bakinsa, domin fambel ko fanka na iya fizgarsa, kuma fankar wasu motoci tana tashi da kanta ko da an kashe inji. Ki cire awarwaro da zobe kafin ki taɓa batir, saboda ƙarfe in ya haɗa wuta yana ƙona fata. Idan za a cire batir, wayar da ke da alamar ragewa ake fara kwancewa, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa. Kada kuma a bar inji yana aiki a rufaffen gareji, hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar wari wadda ke kisa.

JUYE FA, A YI A GIDA?

A nan ƙanen maigida yana da gaskiya, juye ba wani abin wahala ba ne. Ana ɗan ɗumama inji, a sa kwano a ƙasa, a kwance noti mai ya tsiyaye, a sauya filta bayan an shafa ɗan sabon mai a robar bakinta, a mayar da noti, a zuba sabo. Ƙaramar mota ba ta cika wuce kamar lita 4 ba. Daga nan a ta da inji na 'yan mintoci, a kashe, a leƙa ƙasa, a sake aunawa. Wannan mataki na ƙarshe shi ne wanda aka tsallake a tawa motar.

Amma akwai sharuɗɗa. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai da rami ko ƙafafun ƙarfe da aka yi don haka. A zuba irin man da littafin motar ya ce, domin lambobin da ke jikin galan, kamar 5W-30 ko 20W-50, kaurin man suke nunawa, kuma sababbin injina yawanci marar kauri suke so. Game da lokaci, littafi ne alƙali. A irin ƙurarmu da zafinmu da gajerun tafiye-tafiye na cikin gari, da yawa sukan yi juye a kilomita 5,000 ko wata 6, duk wanda ya riga zuwa. Tsohon man kuwa kada a zubar a kwata ko kusa da rijiya, kada yara su yi wasa da shi, a zuba a galan a kai gareji.

Idan gidanku babu waɗannan kayan aiki, 'yan kuɗin da za a tsira da su ba su kai haɗarin ba. A kai wa bakanike.

KASHI NA BIYU: BAKANIKE

Ga tsohuwar mota wadda garantinta ya ƙare, yawancin aiki na bakanike ne: juye, fulogi, takalman birki, fambel, gyaran ƙafa. Aikinsa ya fi araha, yana kusa, kuma in amintacce ne ya san motarki kamar yadda ungozoma ta san gidajen unguwa. Akwai gwanaye masu tsoron Allah da yawa a cikinsu. Amma kada kunya ta hana ki waɗannan abubuwa.

Ki riƙe mutum ɗaya, ki daina yawo daga wannan zuwa wancan. Ki sayi baƙin mai da kanki a gidan mai ko wurin wakilin kamfani, ki tabbata hatimin murfin bai karye ba, a buɗe a gabanki. Bayan an zuba ki karɓi galan ɗinki ki huda shi, domin a irinsa ne masu jabu ke ɗura gurɓataccen mai. A kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna akwai sabo na asali, akwai na hannu, akwai kwaikwayo, saboda haka a gaya miki wanne za a sa kafin a sa. A kan birki da taya kada ki nemi araha. Ki ce a ajiye miki tsohon abin da aka cire. A yi ciniki kafin a kwance ko noti ɗaya. Idan ya ce wani abu ya lalace, ki ce, "Malam, don Allah nuna mini." Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Abubuwa biyu kuma kada ki yarda a cire miki. Na farko tamostat, watau wata 'yar ƙofa da ke tsare ruwa har inji ya kai zafin da ya dace. Wasu kan ce don ƙasashen sanyi aka yi ta. Cire ta yana sa inji ya daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai, kuma yana ɓoye ainihin abin da ke sa mota zafi. Na biyu matatar hayaƙi da ke jikin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi. Tana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa take da kasuwa. Idan aka ce ta toshe a fasa, ki nemi ra'ayin wani kafin ki amince.

KASHI NA UKU: GAREJIN KAMFANI

A nan kuma maigida ne mai gaskiya. Garejin kamfani yana da tsada, sai a manyan birane ake samunsa, wani lokaci kuma sai an bi layi. Amma abin da kike biya shi ne kaya na asali, da ma'aikatan da aka horar a kan irin motarki, da na'urori, da rasit wanda za ki iya komawa da shi in aiki bai yi ba.

Idan motar sabuwa ce, ki karanta takardar garanti kafin kowa ya taɓa ta. Kamfanoni da yawa suna ba da shekara 3 ko kilomita 100,000. A Amurka akwai dokar 1975 da ta hana kamfani soke garanti don kawai an yi sabis a wani wuri, amma a nan gida ki bi abin da takardarki ta ce, kada juyen araha ya jawo miki asarar garantin inji ɗungum.

Ko da tsohuwa ce, matsalar kwamfuta, da giya mai canza kanta, da jakar iska da ke tare mutum lokacin haɗari, duk na kamfani ne ko ƙwararren da ke da na'ura. Bakaniken da ke canke yana iya sa ki sayi abu uku kafin a dace da na huɗu, ƙarshenta tsadar ta fi ta kamfani. Haka nan bel ɗin cikin inji, wanda wasu motoci ke da shi maimakon sarƙa, yana da wa'adinsa a littafi. In ya tsinke ana tafiya, a injina da yawa sai ya yi ɓarna mai yawa.

Wani amfanin kuma shi ne kiranye. Wani lokaci kamfani kan gano aibi a motocinsa ya kira a kawo a gyara. Mafi girma a tarihi shi ne na jakunkunan iska na kamfanin Takata na Japan, wanda ya shafi miliyoyin motoci iri-iri, saboda suna iya fashewa su watsa ƙarfe a fuskar direba, kuma zafi da laima suna ƙara haɗarin. Kamfanin ya karye a 2017. Motocinmu na hannu da yawa daga ƙasashen da aka yi wannan kiranye suka fito. Ki kwafi lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, ki kai wa wakilin kamfani ya duba miki.

LITTAFIN MOTA

Abin da ke ɗaure kashi ukun nan wuri ɗaya shi ne ɗan littafin rubutu, irin na 'yan makaranta. Ki ja layi huɗu: rana, kilomita, aikin da aka yi, kuɗi. Ki maƙala rasit a baya. Da shi ba mai ce miki fulogi ya mutu alhali watan jiya aka sauya, kuma ranar sayar da motar shi ne shaidarki. Maigida da ya ga nawa, da farko dariya ya yi, yanzu kuwa da ya dawo shi yake fara tambaya.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, ranar Asabar in Baba zai duba mota ku tsaya kusa, ku riƙe masa tsumma, ku yi tambaya. Ku karɓi aikin rubuta littafin, ku lissafa lita nawa mota ke sha a kilomita 100, ga darasin lissafi a aikace. Wadda kuma ta ji sana'ar ta kwanta mata, ta sani akwai waɗanda suka riga ta. Sandra Aguebor, 'yar Benin, ta kafa ƙungiyar Lady Mechanic Initiative a 2004 don koya wa 'yan mata kanikanci, kuma akwai kwalejojin fasaha da ke koyar da shi.

To 'yar'uwa, gobe da safe kafin ki ɗora tukunya, ki leƙa ƙarƙashin motar gidanku, ki zaro sandar nan ki gani. Rigakafi dai ya fi magani. Wadda ke da tambaya ko wani abin da ya taɓa faruwa da ita, ta rubuto mana domin sauran 'yan'uwa su amfana. Allah Ya kiyaye hanya. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa.